Rasuwar Baban Tiyata da Kujerar da Ya Bari

Daga Ƙungiyar Likitocin Babban Asibiti, zuwa ga iyalan mamacin, da ma'aikatan asibiti manya da ƙanana, da ɗaukacin jama'a.

Cikin alhinin da har yau bai bar mu mun tattara hankalinmu wuri ɗaya ba, Ƙungiyar Likitocin Babban Asibiti, a madadin shugabanta da 'yan kwamitin zartarwa da dukkan mambobinta, tana sanar da rasuwar malaminmu kuma ubanmu, Farfesa, Babban Likitan Tiyata, tsohon Shugaban wannan Ƙungiya, Shugaban Babban Asibiti har zuwa ranar da Allah Ya karɓi abinsa, wanda kowa, daga mai gadin ƙofa har zuwa 'yan hukumar gudanarwa, ya fi sani da Baban Tiyata. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. An saba a irin wannan sanarwa a ce ƙungiya ta samu labarin rasuwa, to mu dai ba mu da bakin faɗin haka, domin babu wanda ya kawo mana labari. A gabanmu abin ya faru, a ɗakin taro na saman bene, da rana tsaka.

Muna neman afuwar iyalai da jama'a a kan jinkirin fitowar wannan sanarwa. Kwamitin da aka ɗora wa rubuta ta ya zauna ya tashi, ya sake zama, bai iya daidaitawa ba ko a kan layin farko: wasu suka ce a fara da Shugaban Asibiti domin shi ne babban muƙami, wasu suka ce a fara da Likitan Tiyata domin shi ne mutumin da muka sani. Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai aka turo wa Sakataren Yaɗa Labarai takarda da biro aka ce ya rubuta abin da Allah Ya hore masa. Ya kamata kuma jama'a su sani cewa hukumar gudanarwa ta aiko tana neman Ƙungiya ta ba ta sunan likitan da zai hau kujerar da marigayi ya bari, kuma sunan da ake ta ambata a barandun asibiti shi ne na wannan Sakatare, wato ni mai rubutun nan, wanda har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Idan aka ga sanarwar tana tangal-tangal, dalilin ke nan.

Marigayi Farfesa ya shigo wannan asibiti yana matashin likita, a zamanin da ɗakin tiyata ɗaya ne rak, fitilarsa kuma sai wani ya tallafe ta da hannu idan ta fara sunkuyowa, kuma a nan ya yi furfura, ya yaye likitocin da yau suke riƙe da asibitoci a wurare da dama. Ni aikina sa majinyaci barci da kula da numfashinsa har a gama aiki, saboda haka wurin tsayuwata wajen kan majinyaci ne, bayan ƙyallen da ake tarewa da shi, kuma daga nan na yi shekara da shekaru ina kallon hannuwan bawan Allahn nan. Ba wasu hannuwa ne masu kyan gani ba, yatsu ne gajeru masu kauri, ka rantse na magini ne. Amma idan suka shiga cikin mutum sai ka ga jinin da ya gagari kowa ya tsaya, kuma idan ya yi ɗinki sai ka duƙa sosai kafin ka ga inda zare ya bi. Idan ɗalibi ya fara rawar hannu, ba ya ƙwace masa wuƙa, sai ya dafa masa tsintsiyar hannu ya ce, "Ɗana, mai cikin barci yake, babu inda za shi. Kwantar da hankalinka." Ni kuwa idan ya ji na yi shiru da yawa sai ya leƙo ta saman ƙyalle ya ce, "Sarkin barci, kana nan, ko kai ma ka bi shi?"

Ba za mu ɓoye cewa yana da faɗa ba, domin duk wanda ya taɓa miƙa masa almakashi marar kaifi ya san sauran bayani. Sai dai faɗansa a ɗakin tiyata yake ƙarewa. Da an kammala aiki, kafin ya cire hular kansa, shi da kansa yake fita wurin dangin majinyaci da ke zaune a kan bencin baranda, ya tsuguna a gaban tsohuwa ya yi mata bayani da harshen da za ta gane, ko labarin mai daɗi ne ko marar daɗi, bai taɓa aika ƙaramin likita ya isar da saƙon mutuwa a madadinsa ba.

Yadda aka yi ya bar wannan ɗaki ya koma ofishin shugaba a saman bene, Ƙungiya ce ta fi kowa sani. Kafin shi, wanda yake riƙe da asibitin nan masanin harkar mulki ne, dattijo mai gaskiya da tsare amana, wanda bai taɓa karatun likita ba, kuma saboda tsananin tsare amana ne yake yawo da makullin ma'ajiyar kayan aiki a aljihunsa duk inda za shi. Wata rana da la'asar aka kawo wata mai haihuwa jini ya ɓalle mata, safar hannu da zaren ɗinki suna kulle, mai makulli yana can wurin taro a wajen asibiti. Aka fasa kwaɗo, aka yi aiki, Allah Ya tashi kafaɗar matar. Da gari ya waye aka aiko wa likitocin takardar tuhuma a kan fasa kwaɗo. Daga ranar Ƙungiya ta ɗaura ɗamara, ta ce asibiti sai likita, domin wanda bai taɓa tsayawa a kan mai zubar jini ba ba zai san abin da ake nufi da gaggawa ba. Muka yi ta bugawa da hukuma har ta gaji ta ce to ku kawo naku. Mu kuma da muka tashi kawowa sai muka ce ai ba za mu kai wanda za a raina ba, muka ɗauko mafi gwaninta a cikinmu.

Ya ƙi, kuma ya kamata tarihi ya san ya ƙi. Da muka same shi a gida, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Ni fa ɗinki na iya. Me na sani game da man janareta? Ku nemi mai son ofis mana." Muka ce masa ai mai son ofis shi muke gudu. Muka koma, muka sake komawa, muka haɗa da tsofaffin ɗalibansa da abokan karatunsa, har ya ce ya ji, da sharaɗin za a bar masa rana ɗaya a mako ya shiga tiyata. Ranar da aka rantsar da shi mun yi murna ƙwarai, kuma har yau ban san ko murnar ta dace ba.

Abin da ya yi a kan kujera kowa ya gani, kuma Ƙungiya tana alfahari da shi. Ya mayar da asibitin majinyaci, kullum da safe sai ya yi masa zagaye irin wanda muke yi wa masu kwance a gado: ya fara da ɗakin janareta, ya bi ta wurin famfon tura ruwa, ya leƙa ɗakin wanki, ya shiga ma'ajiyar magani, ya ƙwanƙwasa tukwanen iskar oksijin ɗaya bayan ɗaya, akanta da sakatare suna biye da shi suna haki kamar sababbin ɗalibai. A zamaninsa makullin kayan aiki ya koma hannun shugabar ma'aikatan jinya da ke bakin aiki, iskar oksijin ba ta sake yankewa ana tsakiyar tiyata ba, ɗakin haihuwa ya samu ruwan famfo da ba ya ɗaukewa, kuma akwai mata da jarirai da yau suke gidajensu lafiya lau waɗanda ba su san cewa zagayen nan na safe ne sanadi ba.

Amma kwamiti ya ce a faɗi gaskiya, shi ma marigayi da yana nan haka zai ce. Ofis ya riƙe yadda yake riƙe wuƙa, ba ya miƙa wa kowa sai ya gama, duk takardar da ta zo teburinsa sai ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, har fayiloli suka taru suka tare taga. Yana yanke hukunci nan take, irin na wanda ya saba jini ba ya jira, kuma da haka ne aka sayo injin ɗaukar hoto mai kyau wanda har yau yana cikin kwalinsa, domin ba a tanadi ɗakin da zai zauna ba balle wanda zai sarrafa shi. Matsala kuwa idan ba ta kai ga rai ba, a wurinsa tana iya jira, shi ya sa ƙarin girman direbobi da masu shara da masu tura gado ya yi ta jira har suka gaji da zuwa ƙofarsa, abin da tsohon mai makulli, duk da kwaɗonsa, bai taɓa bari ya kwana ba. Ranar tiyatar da aka yi masa alkawari kuma taruka suka cinye ta kaɗan-kaɗan. Karo na ƙarshe da ya shigo zai yi aiki, ya riga ya wanke hannu yana tsaye ya ɗaga su sama, wata nas tana kara masa waya a kunne, yana gardama da mai kawo man dizal, daga ƙarshe ya cire riga ya ce wani ya karɓa. Tun daga nan ayyuka masu wuya da a da shi kaɗai ke yin su aka riƙa tura su asibitoci masu nisa, wasu majinyatan sun isa, wasu ba su isa ba. Wani lokaci ina bakin aiki sai in ɗaga kai in hango shi ta gilashin ƙofa, sanye da kwat, ya harɗe hannu a baya yana kallonmu, idan muka haɗa ido sai ya ɗaga mini gira ya wuce. Wannan abu yana damuna tun yana da rai, kuma yanzu ya fi damuna.

Ranar da ya rasu, taron shugabannin sassa ake yi, ɗaki cike da manyan likitoci, babban likitan zuciya ma yana zaune kusa da shi. Ana tsakiyar batun janareta muka ga yana shafa ƙirji, gumi yana tsattsafo masa a goshi alhali fanka tana kaɗawa. Babu wanda bai gani ba, kuma babu wanda bai san abin da irin wannan yake nufi ba, domin abin da muke koya wa ɗalibai ke nan. Da wani ne ya shigo daga titi a haka, ko sunansa ba za mu tsaya tambaya ba, sai dai ya ji shi a kan gado. Da ma a zamanin da yake likitan tiyata kawai ne, da likitan zuciya, wanda abokin wasansa ne tun suna ɗalibai, ya kama shi a wuyan riga ya ce tashi Malam. Amma a ɗakin taro sai an ɗaga hannu ake magana, kuma shugaba ne yake ba da izini. Likitan zuciya ya ɗaga hannu, aka ba shi dama, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko za mu ɗan sauka ƙasa a duba ka?" Ya yi murmushi ya ce, "Olsa ce, ban karya ba ne. Mu gama da janareta tukuna." Muka kalli juna, kowa yana jiran wani ya sake magana, aka ci gaba da janareta. Ya rufe taro yadda ya kamata, ya yi godiya, ya miƙe, bai kai bakin ƙofa ba ya faɗi. Daga nan duk abin da ilimi ya tanada mun yi shi, ni na sa masa bututun numfashi da hannuna, amma Mai shi Ya riga Ya kira. Mun yi imani cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Abin da muka kasa ganewa shi ne yadda aka yi ɗaki guda na likitoci ya zauna yana neman izinin majinyaci.

Da wakilan Ƙungiya suka je yi wa iyalai gaisuwa, mai ɗakinsa, uwarmu, ta karɓe mu da haƙurin da ya fi namu. Bayan an yi addu'a ta ce, "'Ya'yana, tambaya ɗaya nake da ita, ba don rigima ba. A cikinku wane ne likitansa? Ina so in yi masa godiya." A hanyar dawowa ne muka gane cewa kusan kowannenmu marigayi ya taɓa tare shi a baranda ya ce rubuta mini maganin kaza, kowa kuma ya rubuta a tsaye yana zaton akwai wani babba da yake duba shi a zaune. Tun muna gidan, babbar 'yarsa ta ce mana mahaifinta bai taɓa jin daɗin wani abu kamar ranar da ya dawo gida ya ce yau an gama da matsalar oksijin ba. Ƙaninta kuma ya ce shi dai tun da Baba ya hau bene bai sake jin yana ba da labarin aiki a kan abinci ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma mun fito ba mu san wanda za mu bi ba. Da za mu tashi uwarmu ta kira ni gefe ta ce, "Na ji an ce kai za a ba. Ka gaya wa maman yara kuwa?" Na ce ban gaya mata ba tukuna. Ta ce, "To ka gaya mata da bakinka, kada ta ji a wurin mutane. Ni a wurinku na ji."

Ƙungiya ta yi zama na musamman a kan buƙatar hukuma, kuma muna sanar da jama'a cewa an tashi ba a cimma matsaya ba. Matasan likitoci sun ce a mayar da kujera ga wanda ya karanci mulki, a ajiye masa likita a gefe yana ba shi shawara, domin ba a kwashe shekaru ana koya wa mutum tiyata don ya ƙare a gardamar dizal ba. Dattawa suka ce duk wanda ya faɗi haka bai ga ranar fasa kwaɗo ba, kuma mai ba da shawara ba shi ne mai makulli ba. Wata likitar yara ta ce a ba likita, amma a tura shi ya koyi aikin ofis tukuna, aka tambaye ta wa zai riƙe asibiti kafin ya dawo, ta ce ita ma ba ta sani ba. Wani ya ce to a ba likitan da ba a cika buƙatar hannunsa ba, aka yi dariya ta farko tun bayan rasuwar, sai kuma aka ga duk ido ya dawo kaina, wai ai mai sa barci ba ya yanka. Na tuna musu cewa mu masu sa barci a asibitin nan ba mu da yawa, kuma babu wuƙar da take motsi sai ɗayanmu yana tsaye. Suka ce sun sani, amma ni na fi kowa sanin yadda Baba yake tunani. Da na kai maganar gida, maman yara ta ajiye abin da take yi ta ce, "Baban yara, shi da ya fi ka ƙarfi ina yake?" Na ce to idan na ƙi, a mayar wa mai kwaɗo? Ta ce ita ba ta san wani kwaɗo ba, mijinta ta sani.

Ƙungiyar Likitocin Babban Asibiti tana miƙa ta'aziyyarta ga uwarmu mai ɗakin marigayi, da 'ya'yansa da jikokinsa, da 'yan'uwa da surukai, da hukumar gudanarwa, da shugabar ma'aikatan jinya da 'yan sashenta, da masu harhaɗa magani da masu gwaje-gwaje, da direbobi da masu shara da masu tura gado, waɗanda duk da abin da ke tsakaninsu da ofishinsa su suka riga kowa ɗaukar makara, da ɗalibansa na kusa da na nesa, da dubban mutanen da suke yawo da ɗinkinsa a jikinsu. Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta wa Farfesa, Babban Likitan Tiyata, Shugaban Babban Asibiti, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa duk ran da aka ceta ta hannunsa, a ƙasa ko a saman bene, ya zama haske a kabarinsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya albarkaci zuriyarsa. Mu kuma Allah Ya nuna mana abin da ya fi alheri, domin mu dai mun duba ba mu gani ba. Muna godiya ga duk wanda ya halarci jana'iza ko ya aiko da gaisuwa, Allah Ya ba da lada, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Daga ƙarshe, akwai abin da ya wajaba a sanar. Yau da safe, ina cikin gyara wannan rubutu, saƙo biyu suka same ni a tare. Daga ƙasa aka ce an shirya wani yaro da hanjinsa ya toshe, ana jiran in zo in sa shi barci. Daga sama sakataren ofis ya sauko da gudu ya ce motar iskar oksijin tana bakin ƙofa, direban ya ce ba zai sauke ba sai wani mai iko ya sa hannu, in ba haka ba zai wuce wani asibiti, hukuma kuma ta ce kafin a tsayar da magana ni zan riƙa sa hannu. Na ce wa mataimakina ya je ya fara da yaron, yanzun nan zan sauko. Na hau bene, na sa hannu a takardar oksijin, sai ga wata a ƙarƙashinta, sai ga akanta ya shigo, sai ga wakilan direbobi. Da na ɗaga kai azahar ta yi, aka aiko cewa an gama aiki, yaro ya farka yana kiran uwarsa, alhamdu lillahi. Ban ce wa kowa na karɓa ba, kuma ban san yadda zan yi wa maman yara bayani ba, amma a kan teburin marigayi nake kammala wannan sanarwa, kuma akwai mutane a bakin ƙofa suna jira.

Sa hannu:

Babban Likitan Sa Barci,
Sakataren Yaɗa Labarai, Ƙungiyar Likitocin Babban Asibiti,
Muƙaddashin Shugaban Babban Asibiti.